Laifi Tudu Ne

Ƙarshen shekarar 2023 lokaci ne da kayan gyara suka yi wuya a duk jihar Maraɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da take turowa. Kayan da a da ake ɗaukowa daga titin Beirut na Kano, a biyo da su ta Jibiya da Ɗan Isa ba tare da wata wahala ba, sai suka koma bin ɓarauniyar hanya a bayan babura, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Duk wanda na'urarsa ta mutu a wannan tsakanin, ya san yana da jan aiki.

A garin Attantane, cikin gundumar Mayahi, akwai wani saurayi da kowa ke kira Auta, don shi ne ƙarami a ɗakinsu. Da ya gama karatun sakandare bai samu ci gaba ba, mahaifinsa ya sayar da buhunan wake da rago guda, ya saya masa tsohuwar kwamfutar tebur 'yar Kwatano da na'urar buga takarda da ƙaramin injin wuta. Ya kama shago kusa da kasuwa. Nan malaman makaranta ke kawo tambayoyin jarrabawa a buga musu, nan iyaye ke rubuta takardun neman shigar da 'ya'yansu jarrabawar BEPC, nan kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗannan asusun adashi da suka faro a jihar Maraɗi tun 1991, suke ajiye sunayen mambobinsu da lissafin zubi da na rance. Yaro ne mai hazaƙa da saurin hannu. Aibinsa ɗaya: bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Wata ranar kasuwa da yamma, cikin hunturu, aiki ya yi masa yawa har ya manta bai ƙara mai a inji ba. Injin ya fara shaƙewa, yana tashi yana faɗuwa, fitilar shago ta dushe, ta sake yin haske fau. Sai aka ji tas daga bayan kwamfuta, warin ƙonewa ya cika shagon, gilashin kwamfutar ya yi baƙi. Ya buga wa wani abokinsa da ke aiki a shagon gyara a Maraɗi waya, ya kwatanta masa. Abokin ya ce, "Akwatin wuta ne ya tafi. Wannan ƙarfen mai fanka da ke can sama ta baya, inda igiyar wuta ke shiga. Sukurori huɗu ne, ka kwance shi ka nemo irinsa."

Auta ya kwance. Da yake ransa a ɓace yake, bai tsaya ya ɗauki hoton yadda wayoyin suke ba, bai kuma ƙirga su ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fizga, wadda ta maƙale ya ja ta da ƙarfi, ya naɗe akwatin a buhu.

A Mayahi bai samu ba. Ya hau motar kasuwa zuwa Tasawa, wurin wani Alhaji mai shagon kayan lantarki, aminin mahaifinsa tun suna samari suna fataucin gyaɗa. Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya ɗauko wani akwati daga ƙasan kanta. Ya jera shi kusa da mataccen, ya bi bakunan wayoyin yana kwatanta su ɗaya bayan ɗaya.

"Sai na duba haka," in ji shi, "saboda akwai wasu ƙananan na'urorin Dell da HP da bakin wayarsu nasu ne su kaɗai, ba ya shiga na kowa. Taka dai irin ta gama-gari ce. Wannan shi kaɗai ya rage mini. Na gwada shi daren jiya da aka ɗan kawo wuta, lafiyarsa lau. Yanzu ka ga babu wuta, da na gwada a gabanka."

Suka yi ciniki a jaka goma sha biyar. Auta ya ba da goma, Alhaji ya ce sauran ya kawo in ya samu. Ya ƙara da cewa, "Da ma na'urar gaba ɗaya ka ɗauko, yarona ya ɗaura maka."

Auta ya yi dariya. "Haba Alhaji, sukurori huɗu ne fa. Ni na kwance, ni zan mayar."

Bai isa gida ba sai bayan isha'i. Washegari da safe shugabar ƙungiyar mata za ta zo karɓar takardun rabon asusu, don haka bai jira gari ya waye ba. Ya kama wayar hannu da haƙora tana haska masa, ya ɗaure akwati, ya cusa abin da ya gani yana da gurbi, ya mayar da murfi, ya tada inji, ya danna maɓalli.

Shiru. Ko fanka ba ta motsa ba.

Ya sake dannawa. Ya riƙe maɓallin ya daɗe. Ya bubbuga gefen na'urar. Babu labari.

A ƙofar shagon abokansa 'yan fada suna zaune suna dafa shayi. Da suka ji abin da ya faru, kowa ya kawo tasa. Wannan ya ce, "Ai gawa aka sayar maka." Wancan ya ce, "Shi ya sa ya ce babu wuta. Wa ya ga lokacin da ya gwada?" Na uku ya ce, "Tun da aka rufe iyaka 'yan kasuwa suka daina jin tsoron Allah. Ka kuma ga don ya san babanka ne, ya san ba za ka iya ɗaga masa murya ba." Auta ya tuna kuɗin mota, ya tuna jaka goma da ya ranto wurin yayarsa, ya tuna matan da za su zo da safe. Zuciya ta ɗebe shi. Ya buɗe WhatsApp, ya shiga zauren da ya haɗa matasan Mayahi da Tasawa da 'yan ci-rani na Agadas da Libiya, ya danna ya yi magana.

"Jama'a, ku yi hattara da shagon Alhaji wane da ke kusa da tasha a Tasawa. Matattun kaya yake sayarwa. Ni ɗin nan yau ya cuce ni, ya karɓi kuɗina ya ba ni gawa, yana cewa wai babu wutar gwaji. Duk wanda ya ji ya gaya wa na kusa da shi."

Ya ambaci sunan, ya ambaci layin. Ya aika, ya ji sanyi a ransa, ya je ya kwanta.

Da asuba, ana fitowa daga masallaci, wani ya ja mahaifinsa gefe ya kunna masa saƙon. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Da ya shigo gida bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗan tsorata Auta. Cewa kawai ya yi, "Ɗauki na'urar ka kai wa Mai Rediyo. Abin da ya ce shi ne. In aminina ya cuce ka, ni da ƙafata zan je Tasawa. In kuma ba haka ba ne, kai za ka je."

Baba Mai Rediyo dattijo ne da ya fara gyara tun zamanin Seyni Kountché, lokacin da rediyo ke da daraja kamar doki. Ya yi yaron shago a Sabon Garin Kano, ya dawo gida ya bi zamani: daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu da farantan hasken rana. Bai taɓa zama a ajin kwamfuta ba. Amma a kan teburinsa akwai wani tsohon akwatin wutar kwamfuta da ya yi shekara da shekaru yana amfani da shi wajen ba rediyon mota da fitilu wuta mai bolt 12, saboda haka launin wayoyin nan ya san su kamar yunwar cikinsa.

Auta ya sauke na'urar, ya gaishe shi, ya fara zuba: "Baba, mataccen akwati aka ba ni. Ku duba ku gani, don in samu shaidar da zan mayar masa."

"Wa ya ce maka matacce ne?"

"Na danna bai tashi ba."

"Wannan shaida ce cewa na'ura ba ta tashi ba. Ban ji shaidar cewa akwati ya mutu ba tukuna. Zauna."

Ya jawo mitarsa ta auna wuta, ya goge tabarau. "Ka taɓa ban-ruwa a lambu? In fangali ya bushe, mai hankali ba ya cewa rijiya ta ƙafe. Bakin rijiya yake zuwa, ya ga akwai ruwa, sannan ya biyo lambatu taki-taki har ya iske inda ƙasa ta toshe. Wuta ma haka ake bin ta. Daga inda take fitowa za mu fara."

Ya sa mitar a soket ɗin da ke fitowa daga inbatarsa. Ta nuna kusa da 220. Ya karɓi igiyar wutar da Auta ya zo da ita, ya auna bakinta, wuta na isowa. "Igiya lafiya. Da yawa a nan maganar ke ƙarewa, don igiyar nan tana karyewa ta ciki ba a gani." Ya juya bayan na'urar, ya nuna ƙaramin makunnin da ke jikin akwatin, mai alamar sanda da sifili. Yana kan sanda, wato a kunne. Daga nan sai ya tsaya, ya kai fuskarsa kusa.

"Zo ka gani. Mene ne wannan?"

A ƙasan makunnin akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe, an rubuta 230 a kansa, an kuma manne shi da baƙin salatif.

"Wannan akwati daga Amurka ya fito," in ji Baba. "Can wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu 220. In maɓallin nan yana kan 115 ka sa shi a wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Wani ya mayar da shi kan 230, ya kuma manne shi don kada hannun yaro ya ture shi. Kai ka yi?"

"A'a."

"To wanda ya yi, ba ya son kayan su ƙone a hannunka. Ka riƙe wannan, mu ci gaba."

Ya zare igiyar daga soket, ya danna maɓallin gaba na ɗan lokaci don sauran wutar da ke ciki ta zube, ya taɓa ƙarfen jikin na'urar da tafin hannu, sannan ya buɗe murfi. Ya cire duk wayoyin akwatin daga faifan ajiya da babban faranti, wato allon da kayan cikin na'ura ke haɗe a kansa, ya bar akwatin shi kaɗai. Ya ɗauko babban bakin nan mai ramuka 24, ya baje wayoyinsa a tafin hannu.

Wannan tsari, wanda ake kira ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma shi ya sa akwatin da aka ƙera a Sin yake shiga na'urar da aka haɗa a Faransa. Aikin akwatin shi ne ya karɓi wutar gida mai ƙarfi ya mayar da ita ƙananan wutar da kayan ciki ke iya sha. Kowane launi da ma'anarsa: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙi kuma shi ne ƙasa, inda wuta ke komawa. Akwai waya ɗaya mai ruwan shuni da ke ɗauke da bolt 5 a kowane lokaci muddin igiya na jikin soket, ko da na'ura a kashe take. Ita ce ke gadi tana jiran a danna maɓalli. Akwai kuma koriya guda ɗaya tak, wadda ita ce ke ba akwatin umarnin ya tashi. Idan aka danna maɓallin gaba, babban faranti ne ke haɗa koriyar nan da ƙasa, sai akwati ya farka.

"Abin da faranti ke yi, mu ma za mu iya yi da hannu," in ji Baba. Ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, ya sa baki ɗaya a ramin koriya, ɗayan a ramin baƙar da ke kusa da ita. Ya jona wata tsohuwar fanka a ɗaya daga cikin wayoyin don akwatin ya samu abin ɗauka. "Kada ka taɓa yin wannan igiya na jikin wuta. Ka haɗa tukuna, ka janye hannu, sannan ka kunna. Kuma ka tabbata koriya ce da baƙa, ba wata ba."

Ya mayar da igiya. Fankar akwatin ta ɗauka, fuu, tana hura iska a fuskar Auta.

Auta ya ji kamar an watsa masa ruwan randa.

"Kada ka yi saurin yarda da fanka ma," in ji Baba. "Juyawarta ba ta isa shaida ba. Akwai akwatin da fankarsa ke gudu amma wutarsa ta raunana." Ya sa baƙin tsinken mita a baƙar waya, jan tsinke a rawaya: 12.1. A ja: 5.0. A ruwan lemo: 3.3. "Ka'ida ita ce kada ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100. Rawaya in tana tsakanin 11.4 da 12.6, lafiya ce. Wannan akwati ya fi ni lafiya, ɗana."

Auta ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "To me ya hana ta tashi, Baba?"

"Yanzu ka yi tambaya. Da ita ya kamata ka fara jiya. Faɗa mini, tsakanin lokacin da na'urar nan ke aiki da yanzu, hannun wa ya shiga cikinta?"

"Nawa."

"Sau nawa?"

"Sau biyu. Da na kwance, da na mayar."

"To mu bi sawun hannunka."

Ya zare igiya, ya cire ƙarfen, ya jona wayar faifan ajiya, ya mayar da babban bakin a gurbinsa, ya danna har ƙugiyarsa ta ce ƙas. "In ba ka ji wannan ƙarar ba, bai zauna ba." Ya kunna wuta. Wata 'yar fitila a jikin faranti ta kama, alamar wayar gadi tana aikinta. Ya danna maɓallin gaba. Shiru, kamar jiya.

"Wuta ta iso faranti, amma umarni bai iso ba. Bi mini wayar da ta fito daga maɓallin nan, ka ga inda ta je."

Auta ya sa yatsa ya bi siririyar wayar daga bayan maɓalli, ta ƙarƙashin faifan ajiya, har ƙarshenta. Ƙarshen yana lilo a iska. Ɗan bakinta mai ramuka biyu ya zare daga tsinkayensa a kusurwar faranti. Sai a lokacin ya tuna wayar da ta maƙale ranar da yake fizge-fizge, wadda ya ja da ƙarfi.

Baba ya duba rubutun da ke jikin faranti, ya gano tsinkaye biyun na maɓalli, ya taɓa su tare da bakin turnabis na ƙiftawar ido. Duk fankokin na'urar suka tashi. Ya kashe, ya mayar da wayar a mazauninta, ya jona gilashi, ya ce Auta ya danna da kansa. Fankoki suka juya, fitilar gaba ta kama, amma gilashi ya tsaya baƙi ƙirin.

Auta ya yi zumbur. "Kun gani ko, Baba? Wataƙila dai ƙarfin akwatin ne bai…"

Baba ya ɗago ido ya dube shi ta saman tabarau. Auta ya haɗiye sauran maganar.

"Har yanzu kana neman hanyar Tasawa. Ɗauko tsohon akwatin, ka ƙirga bakunan da ke da alamar an taɓa cusa su. Sannan ka ƙirga waɗanda ka cusa na sabon."

Aka ƙirga. Ɗaya ya ɓace. A bayan sabon akwatin, an naɗe shi da roba tun daga shago, ga wani ɗan baki mai ramuka huɗu, wayoyi biyu rawaya, biyu baƙaƙe. Gurbinsa yana can kusa da ƙwaƙwalwar na'ura, a ɓoye ƙarƙashin inuwar babbar fanka, inda hasken wayar da ke bakin mutum ba zai kai ba. Tun zamanin Pentium 4, wajen shekarar 2000, aka ware wa ƙwaƙwalwa wayarta ta musamman mai bolt 12, saboda abin da take sha ya fi ƙarfin babban bakin shi kaɗai. In ba a jona ta ba, fanka za ta yi ta juyawa, na'ura kuwa ba za ta farka ba.

"Ka lura," in ji Baba, "a wasu akwatunan babban bakin yana rabuwa, 20 da 4. Wancan huɗun launinsa huɗu ne daban-daban, ba na nan ba ne. Na ƙwaƙwalwa rawaya da baƙi ne kawai. Kuma duk abin da ya ƙi shiga da lalama, kada ka tilasta masa."

Ya zare wuta, Auta ya cusa da hannunsa, ya ji ƙas. Aka kunna. Na'ura ta yi ƙara ɗaya gajera, rubutu ya bayyana, jim kaɗan ga takardun Mata Masu Dubara nan yadda ya bar su, ko suna ɗaya bai ɓace ba.

"Da ta ƙi," in ji Baba, "da sai mu cire sandunan ram mu goge mu mayar ɗaya-ɗaya, mu cire duk abin da ba dole ba, mu ga ko wutar da ta kashe tsohon akwati ta taɓa faranti. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, don in ka canza uku a tare ta tashi, ba ka san wanne ne ba. Allah ya taimake ka, akwatin ya mutu shi kaɗai bai ja kowa ba."

Ya ɗaga mataccen ya haska ta ragar bayansa. Ƙurar hunturu ta daskare a fankar kamar an yi mata yaɓe, kawunan kwandansa biyu sun kumbura. "Zafi ya daɗe yana cinsa, injinka ya ƙarasa shi. Ka ɗaga na'urar daga ƙasa, ka riƙa hure mata ƙura. Ka tada inji ya daidaita kafin ka kunna ta, ka kashe ta kafin mai ya ƙare. In ka samu hali ka sa na'urar daidaita wuta a tsakani. Wannan kuma kada ka buɗe cikinsa don son gani. Manyan kwandansan nan suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare igiya."

Auta ya laluba aljihu. Baba ya ɗaga hannu. "Bar kuɗinka. Aikin da ya rage ba nawa ba ne, kuma ya fi wannan wuya."

Duk gyaran bai kai awa ɗaya ba. Da Auta ya buɗe wayarsa, ya tarar saƙonsa na jiya ya fita daga zaurensu ya shiga wasu. Wani ɗan garinsu da ke Agadas ya turo masa shi, bai ma gane muryar ba, yana cewa a kiyayi shagon nan. Ya yi sauri ya goge nasa, amma gogewar ba ta bin abin da aka riga aka tura gaba. Ya yi sabon saƙo, ya ce kuskurensa ne, kayan Alhaji lafiyayye ne, a yafe masa. Mutum biyu suka ce Allah ya kyauta. Babu wanda ya tura shi ko'ina. Labarin cuta yana da masu dako kyauta, labarin wanke mutum kuwa sai mai shi ya ɗauka a kansa.

Ya ba matan takardunsu, ya kama hanyar Tasawa. Ya iske Alhaji zaune, a gabansa ga batir biyu da wata inbata da masu saye suka dawo da su da safen nan, ba don sun lalace ba, sai don abin da suka ji. Auta ya durƙusa, ya faɗi komai, bai rage ba: wayar maɓalli, bakin ƙwaƙwalwa, salatif ɗin da ke kan jan maɓalli.

Alhaji ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Lambata tana wayarka. Kiran minti ɗaya, da na ce maka duba waya kaza. Shekara talatin ina gina sunan nan, ka rushe shi kafin shayinku ya tafasa. Don darajar mahaifinka, da kuma don ka zo da ƙafarka, na yafe." Ya yi shiru, ya ƙara da cewa, "Ni ma ina da nawa. Inji yana nan bayan shago. Ƙyashin man kofi ɗaya ya hana ni tada shi in gwada a gabanka. Da na yi, da shaiɗan bai samu ƙofa ba."

Auta ya miƙa jaka biyar ɗin da ta rage. Alhaji ya karɓa, ya rubuta a littafi. "Bashin kuɗi ya fita. Saura na baki. Yafiyata ba za ta dawo da masu saye ba. Duk ranar kasuwa za ka zo ka zauna a teburin nan da mita. Duk abin da za a saya, kai za ka gwada a gaban mai shi, ka rubuta abin da mita ta nuna a takardarsa. Wanda ya tambaye ka ko kai ne mai saƙon nan, ka ce kai ne, ka gaya masa yadda aka yi."

Haka aka yi. Makonnin farko sun yi masa nauyi, don kusan kowa sai ya tambaya, wasu da dariya, wasu da harara. Amma mutumin da ya zo da shakka, ya ga wanda ya yi zargin da bakinsa yana auna kaya yana ba da shaida, ya fi saurin gamsuwa fiye da wanda ya ji a waya. Kafin a buɗe iyaka a watan Maris na 2024, ciniki ya dawo, gwaji a gaban mai saye kuma ya zama al'adar shagon. Auta ya fita da sana'a ta biyu a hannu, har malamai daga ƙauyukan kewaye suka fara kawo masa na'urorinsu Attantane maimakon su wuce Maraɗi.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya sa haka ba ɓoyayye ba ne: zargin wani yana sauke wa mutum nauyi nan take, binciken kai kuwa yana buƙatar a zauna, a buɗe murfi, a yarda cewa mai yiwuwa hannunka ne. Duk wanda ya canza wani abu, a na'ura ko a gona ko a lissafin kasuwa, sannan abin ya ƙi tafiya, to wurin da ya taɓa na ƙarshe shi ne farkon abin dubawa. Ya bi hanya daga tushe, ya gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya bambanta abin da ya gani da abin da ya zata. In bincike ya ƙare laifin ya tabbata na wani ne, mai laifin ya fara ji kafin duniya ta ji, wataƙila yana da bayani, wataƙila ya gyara. Mai gaskiya ba ya asarar komai don ya jira gari ya waye. Mai gaggawa kuwa, a zamanin da magana ke isa Agadas kafin mai ita ya yi barci, yana iya ɗaukar wa kansa bashin da kuɗi ba sa biya.